Sai Ummi Ta Shekara Bakwai

Jikata ce ta matsa mini lamba sai mun je Dir'iyya, wai in ga yadda aka gyara wurin, wai na daɗe ban sha iska ba. Na ce ke rabu da ni, wace iska ce ta rage a Riyad da ban sha ba tun ba a san za a haife ki ba? Ina! Yaran yanzu ba su san a'a ba. Ta ɗauko motarta da kanta, ta zuba ni a ciki, ba ta tsaya ba sai gaban wasu gine-gine masu launin jar ƙasa, sababbi fil amma an yi musu shigar tsofaffi. Ko'ina fitilu, ko'ina ƙarar injin haƙa. Na tsaya ina waige-waige kamar wadda akuyarta ta ɓace a kasuwa. Na ce mata nan wajen akwai wata gona, da rijiya mai inji, da itatuwan rumman a jere bayan dabinai. Ta duba wayarta ta ce, "Jadda, nan wurin ajiye motoci ne." Jadda take ce mini, wato kaka da Larabci. Na ce to. Na nemi benci na zauna, ita ta tafi sayo mana abin sha, ni kuwa tun daga ranar zancen gonar nan ya ƙi barin kaina.

Muna da ƙuruciya muka zo garin nan, ni da maigidana, daga wani ƙauye na ƙasar Maradi. Ɗaki ɗaya muka samu a Shumaisi, a saman wani tsohon gida. Kamannin unguwar sun fara gushe mini, amma sautinta yana nan a kunnena: mukayyif ɗin maƙwabta, injin sanyaya ɗaki, da ke wuni yana tari, mai sayar da gas yana buga tukunya da ƙarfe, kiran salla daga masallatai barkatai, wannan bai sauke ba wancan ya ɗauka. Da sassafe maigidana ya sauka ya sayo burodin tamis mai zafi mu tsoma a shayi. Abin da ya fi ɗaure mini kai a shekarun farko shi ne garin ba shi da kaka. A gida, in damina ta ja jiki, hanci ne ke fara ba ka labari, ƙanshin tumu a wuta, ga amon sussuka daga kowane gida, ga yara da bakinsu duk gyaɗa. Nan kuwa zafi ne kawai, sai wata safiya ka tashi ka ji sanyi, shi ke nan. Ba wanda ya shuka, ba wanda ya girbe. Na taɓa tambayar wata Balarabiya maƙwabciyarmu yaushe ne lokacin sabon hatsi a nan, ta nuna mini shagon da ke ƙasan gidan ta ce kullum.

Maigidana direba ne a wani kamfani mai aikin wutar lantarki, aka ba shi wani injiniya mutumin Japan ya riƙa tuƙawa. Larabawa Yabani suke ce wa mutanen ƙasar, don haka matar injiniyan muke kiranta Yabaniya, kuma tana amsawa. Ni ce nake zuwa gidansu da safe in yi wanki da guga. 'Yar ƙarama ce, abayarta kullum tana jan ƙasa. In ta gaishe ni sai ta rusuna, ni ma in rusuna, ita ta ƙara, ni ma in ƙara, wata rana har muka yi karo da goshi. Ba a shiga ɗakinta da takalmi, wannan na ce mutanen kirki ne. Amma shayinta kore ne, ba sukari, in ta ba ni sai in runtse ido in haɗiye don kada ta ji kunya. Larabcinta guntu-guntu, nawa ma haka, sauran zancen hannu ne ke ƙarasa shi. A haka muka saba, ban san yadda aka yi ba.

Ina zuwa da 'yata a bayana, 'yar fari, tana cikin shekara ta uku. Sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, don haka shi ba ya iya faɗin sunan, ni balle fa. Ummi ake kiranta, ni kuwa ko Ummin ba na faɗi a gaban mutane, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Yanzu ina ganin 'yan mata suna rungume ɗan fari a tsakiyar kasuwa, suna sumbatarsa, suna ɗaukar hoto su watsa wa duniya. Ban ce sun yi laifi ba, amma mu ba haka aka rene mu ba. Innata takan ce uwa tana kallon ɗan fari ne in ya yi barci, ko in ba kowa a ɗaki. In yarinyar ta faɗi ƙasa a gaban mutane, sai in kau da kai in jira wani ya ɗaga ta. To wannan abin ya hana Yabaniya sukuni. Ta tambaye ni sunan yarinyar, na kalli bango. Ta sake tambaya, na ce a tambayi direba. Da aka tambayi direba shi ma ya kalli taya. Wata rana ta ja ni kicin, ta rage murya ta ce, "Bint inti?" Wato 'yarki ce? Na ce ta mutane ce. Ai haka ake cewa. Ta dube ni da tausayi, daga ranar ta riƙa ba yarinyar biskit a ɓoye, ta ɗauka marainiya ce muke riƙo.

Ana nan, sai kaset ya zo daga gida ta hannun wani alhaji. A lokacin ba waya a hannun kowa, kaset ne wasiƙar wanda bai yi boko ba. Muka saka a rediyo bayan la'asar. Ana jin zakara, ana jin daka daga nesa, sannan muryar Inna, surukata. Ta gaishe mu, ta gaida maƙwabtan da ba ta sani ba, ta ba da labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu. Can ƙarshe ta ce, "Takwarata an daɗe da yaye ta. Kawunku Idi zai zo umra, in ya gama zai biyo ta wajenku. A ba shi ita ya taho mini da ita, ɗakina ya yi shiru." Maigidana ya kashe rediyo ya ce, "To." Ni ma na ce, "To." Na tashi na kwashe kwanukan da na riga na wanke na sake wanke su. Haƙƙinta ne, kowa ya sani. Jikar fari ce, takwararta ce, kuma ni kaina a hannun kakata na tashi. Uwar da za ta buɗe baki ta ce a bar mata 'yar fari, har jikokinta sai an yi musu gori. Amma bari in faɗa yanzu tunda tsufa ya ba ni dama: ina son yarinyar nan kamar raina zai fita. A garin da ba ni da uwa, ba ni da 'yar'uwa, ita kaɗai ce nake yi wa Hausa tun safe har dare.

Maigidana ya shiga bin takardun tafiyarta, ni na shiga ninke 'yan kayanta. Ba mu yi zancen ba ko sau ɗaya. Wata safiya ina guga a gidan Yabaniya, hawaye ya ɗiga kan farar rigar injiniya, na bi da dutsen guga ya yi cuu, wani ya sake ɗiga. Ashe tana tsaye a bayana. Na rasa yadda zan yi, sai na nuna yarinyar, na yi jirgi da hannuna, na ce "Jadda", wato kakarta, na ce "Afirka". Sannan na dafa ƙirjina na ce, "Binti ana." Wannan ne karon farko da na gaya wa wani mahaluki cewa tawa ce. Yabaniya ta zauna daɓas a ƙasa. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani kwali. A ciki akwai wata 'yar riga ja mai faɗin hannu, an zana mata fararen tsuntsaye masu dogon wuya, da wata ƙaramar riga ta sama mai auduga a ciki. Ƙarƙashinsu hoton wata yarinya ne mai giɓi. Ta dafa nata ƙirjin. Ta yi jirgi da hannu, ta ce "Jadda", ta ce "Yaban", ta ce "madrasa". Ashe ita ma tana da 'ya, an bar ta wajen kakarta saboda makaranta, ni ina zaton ba ta taɓa haihuwa ba.

Daga nan ta shiga bayani, tana ɗaga yatsu uku, tana ɗaga bakwai. Abin da na tsinta shi ne, a ƙasarsu in zafi ya wuce, ganye ya fara canza launi, ana yi wa 'ya mace mai shekara uku ado a fita da ita, a yi godiya da ta rayu. In ta kai bakwai a sake. Tata 'yar a bana take cika bakwai, ita uwar kuwa ga ta nan a Riyad tana kallon bango. Rabin zancen ya wuce ni. Abin da na riƙe kawai shi ne Juma'a, gona, zo da yarinya, zo da mijinki.

Da na gaya wa maigidana, ya ɓata fuska ya ce, "Ba dai bautar wani abu ba ce ko?"

Na ce, "Ni na sani? Ka tambayi mai gidan aikinka mana."

Ya tambaya. Injiniya ya ce a ƙasarsu akwai inda ake zuwa, amma nan babu, kuma ba za a yi ba, tafiya ce kawai da hoto da gasa dankali. Maigidana ya dawo ya ce shi bai ga addinin da ake yi da dankali ba, mu je. Ana gobe Juma'ar sai ga Kawu Idi ya sauka daga motar Makka, da kai a aske, da jarkar zamzam. Ƙanen Inna ne, dattijo mai son a yi komai yadda aka gada. Ya ɗaga Ummi ya ce, "Amaryata, shirya, mun kusa tafiya." Baƙo ba a barinsa shi kaɗai a ɗaki, dole muka tafi da shi.

Gonar ta wani abokin kafil ɗinmu ce, Balaraben da ya tsaya mana a takardun zama, a cikin kwarin nan na Hanifa, ƙasa da tsofaffin katangun Dir'iyya da a lokacin ba mai kula su sai ƙadangaru. Muka isa bayan an sauko daga masallaci, rana ta yi sanyi. Injin rijiya yana tuf-tuf-tuf, ruwa na bin 'yan lambatu. Bayan dabinai ga rumman a jere, ganyensu ya koma rawaya, yana zuba ɗaya-ɗaya. Yabaniya ta je ƙarƙashinsu ta tsaya, ta ɗaga kai, ta sunkuyar, ta sake ɗagawa. Mu muna tsaye muna jiran a fara abin da aka zo yi, ashe an fara.

Kawu ya ce, "Me ta yar ne take nema?"

Maigidana ya ce, "Ganye take kallo, Kawu."

"Na miya ne?"

"A'a."

"Na magani?"

"A'a, Kawu, kallo kawai."

Kawu ya ɗaga kai shi ma ya duba, ko akwai abin da ya ɓuya masa. Ya ce, "Ganyen da ya mutu? Ikon Allah." Can gefe kuma injiniya, mutumin da ake buɗe wa ƙofar mota, ya naɗe hannun riga yana tara busasshen ganye da karmami, ya tura dankali a ciki ya kunna wuta, yana hurawa da baki har idonsa ya yi ja. Maigidana ya ruga zai karɓa, ya hana shi. Kawu ya ce shi dai yau ya ga abin da zai ba da labari har ya mutu.

Sai Yabaniya ta buɗe kwalin. Na matsa gefe don ta shirya yarinyar, ta girgiza kai, ta kamo hannuwana biyu ta ɗora a kan rigar. Ta ce, "Mama." Wai uwa ce ke sa wa. A gaban Kawu! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Kawu, al'adarsu ce wai." Ya ce, "To yi mana, kada a ce mun raina mutane." Na durƙusa na zura mata hannu ɗaya, na zura ɗayan, Yabaniya tana nuna mini gefen da ke hawa kan wani, in na karkace ta kwance in sake. Da aka gama, yarinyar ta tsaya cikin jan nan, da kitsonta na kalaba, da 'yan silifas ɗinta na roba, ta buɗe hannuwa tana kallon yadda rigar ke lilo. Aka miƙa mata wata doguwar jakar takarda da ta kusa kai tsayinta, a ciki alewa ce doguwa kamar kara, ɗaya ja ɗaya fara. Injiniya ya ce tsawon alewar fatan tsawon rai ne. Kawu ya ce wannan kam ya gane, Allah ya amsa.

Ban gama farfaɗowa ba, aka ce sai tafiya. Uwa ta riƙe hannu ɗaya, uba ya riƙe ɗaya, a taka daga rijiya zuwa ƙarshen itatuwa, injiniya yana gaba da kyamara. Na kalli maigidana, ya kalli sama. Yabaniya ba ta san wasa ba, ta kama hannunsa ta haɗa da na yarinyar, ta kama nawa ta haɗa. Hannun duk danƙon alewa. Yarinyar ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, "Yumma?" irin yadda 'ya'yan Larabawan unguwa ke kiran uwayensu, kamar tana tambaya ko kuskure na yi. Da ta ga ban saki ba, ta damƙe yatsuna da ƙarfi. Muka taka, ganye yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Ban san me ake nufi da tafiyar ba, ban san wa ake gode wa a nasu lissafin ba, ni dai Allah nake gode wa, kuma ina roƙonsa kada itatuwan nan su ƙare. Ba su da yawa, nan da nan muka kai ƙarshe.

Muka zauna kan tabarma ana ɓare dankali, yana ƙona yatsu. Yabaniya ta juya wajen Kawu, ta rusuna, ta ɗaga yatsu bakwai, ta yi magana da yarensu. Mijinta ya mayar da Larabci. Ni dai abin da kunnena ya ji gajere ne: in ta kai bakwai ana sakewa, da babbar ɗamara, uwa ce ke ɗaurawa.

Kawu ya ce, "Me take cewa?"

Maigidana ya goge hannu a gwiwa, ya gyara murya. Ya ce, "Wai abin nan da aka yi, Kawu, somawa ce. In an fara ba a yankewa. Kowace kaka sai an fito da ita, uwa ta riƙe nan, uba ya riƙe nan, har ta cika bakwai, sannan a kwance."

"In aka yanke fa?"

Maigidana ya buɗe tafin hannu ya ce, "Allah ne masani. Ni dai ban tambaya ba."

Kawu ya ajiye dankalinsa. "Kai da hankalinka ka bari aka ɗaura wa 'yar mutane abin da ba ka san kansa ba?"

"Wallahi ban san da sauran zance ba sai yanzu. Ga shi kuma mai gidan aikina ne."

Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Yabaniya tana ta murmushi tana gyaɗa kai, ba ta san me ake faɗa ba, ko kuwa ta sani, oho. Har yau ban san gaskiyar abin ba. Shin Larabcin ne ya fi ni ji, ya tsinci abin da ni ban tsinta ba? Shin shi da injiniya sun ƙulla tun a mota? Ko kuwa a take abin ya zo masa, mutumin da ban taɓa jin ya yi wa babba ƙarya ba, mutumin da ko sau ɗaya bai ɗauki yarinyar nan a gaban mutane ba? Mun yi zaman aure har gashinmu ya yi fari, ya rasu a asibitin Shumaisi ina riƙe da ƙafarsa, ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba.

Kawu ya kwana biyu yana juya zancen. Ya ce shi bai yarda da tsafi ba, kuma bai ga an yanka komai ba, bai ga an binne komai ba sai dankali, shi ma an tono an cinye. Amma kuma ya ce ba zai hau jirgi da yarinya da ƙulli a kanta ba, in wani abu ya same ta a hanya me zai ce wa yayarsa? Ya tafi da hoto ɗaya da guntun alewar a naɗe cikin hula. Kaset na gaba da ya zo, Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Na ji abin da ya faru. Allah ya kai mu bakwai ɗin da rai da lafiya." Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina, amma ban iya sake saka kaset ɗin ba.

Kafin kaka ta zagayo, aikin injiniya ya ƙare, suka koma ƙasarsu. Yabaniya ta bar mini jar rigar, da wata faffaɗar ɗamara mai nauyi ta ranar cika bakwai. Muka yi ta rusuna wa juna a bakin ƙofa muna kuka. Ban sake jin ɗuriyarta ba. Sai ya zama saura mu da al'adar da ba mu san kanta ba, kuma ba halin bari, don Shumaisi cike take da mutanen ƙasarmu, abin da ka yi da safe kafin wata ya kama an ji shi a ƙauye. In muka ji sanyin safiya ya fara shigowa, maigidana ya ce, "Lokacin abin nan bai yi ba kuwa?" In ce, "Ina jin ya yi." Mu sayi dankali. Doguwar alewa ba a samunta, sai ya je wajen Misirawa masu matse rake ya sayo sanda guda, ya ce ai tsawo ake nema. Rigar ta yi mata kaɗan, muka riƙa yafa mata a kafaɗa. Mu je gonar, mu tsaya ƙarƙashin rumman mu ɗaga kai. Can ya ce, "Ya isa haka?" In ce, "Ita takan fi haka daɗewa." Mu ƙara tsayawa, wuya na ciwo. Maƙwabta suka sa mana Japanawan Shumaisi, har wasu suka fara biyo mu saboda dankalin. Sannan mu kama hannunta mu taka, ƙannenta na bin mu a baya. Yanzu jikokina suna cin ɗanyen kifi da tsinke a manyan kantuna, suna nuna mini jajayen itatuwan Japan a waya, sun san sunan komai. Mu ba mu san sunan ko ɗaya ba, amma ban yi kwanaki masu daɗin waɗannan ba a garin nan.

Yarinyar tana da shida, bayan mun yi na shekarar da 'yan watanni, aka kira maigidana a wayar shagon ƙasa aka ce Inna ta rasu. Kafin a samu izinin fita an yi bakwai, an watse. Bai je ba. Ba ta taɓa ganin takwararta ba sai a hoton nan guda. Na samu 'yata, ita ta mutu ɗakinta shiru. In aka mayar da ni gonar nan aka ce in zaɓa, na san hannun da zan kama, kuma sanin hakan bai taɓa ba ni sauƙi ba.

Da azumi Kawu Idi ya sake zuwa umra, ya biyo ta wajenmu. Ya tsufa ƙwarai, har da sanda. Aka yi gaisuwar rashi, aka yi addu'a, na kawo shayi na koma bakin ƙofa na zauna. Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa, sannan ya ce wa maigidana, "Ka san marigayiya tana taya ku?"

Maigidana ya ce, "Taya mu me, Kawu?"

"Abin nan naku. Tun da na koma na ba ta labari, ta sa na faɗa mata dalla-dalla, har sau nawa. Kowace kaka, in an gama yankan gero, sai ta sa a tara mata busasshen ganye a ƙofar gida, ta gasa dankali ta raba wa yaran unguwa. Ta ɗauki tabarma ta je gindin kukar bayan gari ta zauna, ta ɗaga kai tana kallon ganye har wuyanta ya ƙage. Mutane suka fara cewa ruɗewa ta zo. Liman da kansa ya yi mata magana. Ta ce an ɗaura wa takwararta abu a ƙasar mutane, yara biyu su kaɗai ba babba a kusa, ba za ta bar musu nauyin ba. Wai in ana yi can ana yi nan, zai fi saurin karɓuwa."

Ina jin mai gas yana buga tukunya a ƙasa.

Kawu ya ce, "Da ciwon ya yi tsanani ta kira ni. Ta ce saura ɗaya, Idi, kada a bar yarinyar nan da ƙulli saboda ni. Na yi mata alkawari zan ƙarasa nata." Ya ajiye kofin ya dubi maigidana. "To shi ne na ce bari in tambaye ka da bakina. Na ƙarshen nan, yaya ake yinsa? Ta ce kada a yi kuskure."

Maigidana ya sa hannun riga ya rufe fuska. Kawu yana jira, da gaske yake jira. Ni da ban taɓa sa baki in maza suna magana ba, na ji muryata ta fito daga bakin ƙofa.

Na ce, "Yadda take yi, Kawu. Daidai take yi, kada a canza komai."